Jawabi Kan Neman Kuɗi A Wasan Jiragen Sararin Samaniya

 

Abin da ya sa aka ɗora mana wannan magana shi ne, kwanakin baya wani ɗan'uwanmu mai sayar da goro ya same mu a rumfa hankalinsa a tashe. Ya ce ya ji yaronsa yana gaya wa abokinsa a waya wai daren jiya ya samu miliyan 40, kuma kafin Sallah yana sa ran ya haɗa biliyan. Bawan Allah ya ce shi shekararsa 30 a nan Sabo ta Ibadan bai taɓa riƙe miliyan 40 tasa ta kansa ba, to yaron da ko kuɗin okada sai an ba shi, ina ya samo? Ko dai ya shiga 'yan yahu ne?

Muka sa aka kira yaron, ya zo da kwamfutarsa, ya buɗe mana. Ashe wasa ne. Muka zauna da shi da abokansa dare uku muna kallo muna tambaya, domin hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Abin da muka fahimta shi muka kawo muku yau, saboda iyaye su san abin da ake ciki, su kuma yaran su ji ta bakin waɗanda suka daɗe a kasuwa.

Sunan wasan EVE Online. Wani kamfani mai suna CCP Games na ƙasar Aislan, can arewacin Turai, shi ya fito da shi a shekarar 2003, kuma har yanzu ana yin sa. Akwai ɗan'uwansa na waya, EVE Echoes, wanda ya fito a 2020, amma mu na kwamfuta muka gani, a kansa za mu yi magana. Kowane ɗan wasa matuƙin jirgin sararin samaniya ne, watau kumbo, yana yawo tsakanin taurari fiye da 7,000. Mutane daga Amurka, Rasha, Jamus da sauran ƙasashe duk a duniya guda suke haɗuwa ta intanet. Kuɗin da ake ciniki da shi a ciki sunansa ISK. To miliyan 40 ɗin yaronmu ke nan.

Abin da ya ba mu mamaki, mu da muka tashi a kasuwa, shi ne kusan duk kayan da ke cikin wasan, jirage ne ko makamai, 'yan wasan ne da kansu suke haƙo ma'adinansa, su ƙera, su yi dakonsa, su sayar wa juna, farashi yana hawa yana sauka. Har a 2007 sai da kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki mai digirin dakta aiki, don ya riƙa lura da kasuwar. Babbar kasuwarsu tana wani wuri da ake kira Jita, sa'an nan akwai Amarr, Dodixie, Rens da Hek. In kun ɗauki Jita kamar Kantin Kwari ko Dawanau ta wasan, ba ku yi nisa da gaskiya ba.

Baƙo yana iya shiga kyauta, domin tun 2016 aka buɗe matakin da suke kira Alpha, sai dai akwai jirage da sana'o'in da ba a yarda masa ya taɓa ba, kuma koyonsa yana tafiya a hankali. Mai biyan kuɗin wata shi ake kira Omega. A 2022 kamfanin ya ɗaga kuɗin watan zuwa kusan dalar Amurka 20. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To yaya sabon shiga yake fara samun kuɗi? Mun ƙirga hanyoyi biyar.

Ta farko, aikin koyo. Da ka shiga akwai wakilan da wasan ya tanada su koya maka sana'a, su aike ka, in ka dawo su sallame ka da ɗan kuɗi, wani lokaci har da jirgi kyauta. Yaran sun ce da yawa suna tsallake wannan don gaggawa. Kuskure ne. Waninmu nan bai fara da rumfarsa ba, kowa sai da ya yi yaron gida, ya ɗauki huhu, ya ci faɗan maigida, kana aka yaye shi da ɗan jari.

Ta biyu, haƙar ma'adinai. A cikin jiragen da ake samu kyauta wurin koyo akwai wani ƙarami mai suna Venture. Da shi ake zuwa wurin duwatsun da ke shawagi a sarari a haƙo irin su Veldspar, wanda in an tace shi yake ba da Tritanium, ƙarfen da ake ƙera jirage da shi. Haɗarin wannan sana'a kaɗan ne, ribarta ma kaɗan ce, miliyoyi ƙalilan a awa guda. Kamar mai tallan ruwa ne, ba ya kwana da yunwa, amma ba da ita ake gina gida ba.

Ta uku, farautar kufai. Mutum ya ɗauki jirgi mai araha, ya baza na'urorin lalube, ya gano tsofaffin wuraren da aka yi watsi da su, ya warware ɗan wasan kulle da ke jikin akwatunan, ya kwashi abin da ke ciki. Wata rana ya dawo hannu rabbana, wata rana kuma tafiya guda ta ba shi abin da mai haƙa zai yi kwanaki bai tara ba. Nan yaronmu ya samo miliyan 40 ɗinsa. Sai dai wuraren da suka fi maiƙo suna can inda babu hukuma, kuma dawowa da kayan ita ce aikin.

Ta huɗu, dako. Wani yana da kaya a wannan kasuwa yana so a kai masa waccan, sai ya rubuta yarjejeniya. Kai mai dako za ka ajiye jingina daidai darajar kayan. In ka kai lafiya a mayar maka da jinginarka haɗe da ladanka, in kuwa aka tare ka a hanya, jinginar ta tafi. Direbobinmu masu ɗauko shanu daga Arewa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan.

Ta biyar, wadda ta fi burge mu, ita ce kasuwancin zaune. Ba ka fita ko'ina. Ka sa tayin saye a farashi mai sauƙi, masu gaggawa su sayar maka, ka juya ka sa tayin sayarwa a sama kaɗan, masu gaggawa su saya. Amma akwai la'adar dillali da harajin ciniki da ake cirewa, kuma sabon shiga ya fi kowa biya, sai ya koyi darussan da ke rage su. Mun ga yaro ya sayi kaya 100 ya sayar 104 yana murna, muka ce masa ɗauko biro. Da ya cire la'ada da haraji sai ga shi faɗuwa ya yi. Ciniki daban, riba daban, wannan karatu ne da wasunmu sai da suka karye sau biyu kafin su haddace shi.

Yanzu sai maganar haɗari. An raba duniyar wasan kashi-kashi bisa ga tsaro. Daga 1.0 zuwa 0.5 akwai 'yan sanda da ake kira CONCORD. Daga 0.4 zuwa 0.1 tsaro ya yi rauni. Daga 0.0 zuwa ƙasa kuwa daji ne, mai ƙarfi shi ne sarki. Kuma ko inda 'yan sandan suke, ba sa hana a harbe ka, sai dai su hallaka wanda ya harbe ka bayan ya gama. Saboda haka 'yan fashin wasan lissafi suke yi: in kayan da ka ɗauko sun fi jiragen da za su rasa daraja, sai su afka maka, abokinsu ya kwashe abin da ya zube, wanda yakan kai kimanin rabin kayan. Akwai wata mashiga mai suna Uedama da ta yi ƙaurin suna a kan haka. Jirgin da aka fasa kuwa ya tafi ke nan, inshora ba ta biyan kayan da ke ciki. Shi ya sa dokar farko da tsofaffin 'yan wasan suke koya wa baƙo ita ce kada ya hau jirgin da in ya rasa shi zai durƙushe. Iyayenmu fatake ma ba sa zuba uwar kuɗi duka a mota guda.

Bugu da ƙari, dokar wasan ba ta hana damfara a tsakanin 'yan wasa ba. A Jita za ka ga masu shela wai ka turo miliyan 10 a mayar maka da 20. Duk wanda ya ga yadda MMM ta ƙare da mutane a ƙasar nan a ƙarshen 2016 ya san wannan waƙa. A 2009 ma wani da 'yan wasan suka amince masa ya shugabanci bankin da suka kafa a ciki ya kwashe kimanin ISK biliyan 200. Don haka muna gaya muku, 'ya'yanmu, ko da dokar wasa ta ƙyale, tarbiyyar gidanku ba ta ƙyale ba. Wanda ke bayan wancan jirgin mutum ne, lokacinsa ya kashe ya tara abin da za ku cuce shi a kai. Hannun da ya saba da cuta a wasa, ranar da aka ba shi ajiya a rumfa ba zai tuna cewa wasa ya ƙare ba. Mu nan Sabo da me muka zauna a garin mutane tun zamanin kakanni, ana ba mu kaya bashi ba takarda? Da amana.

To ga babbar maganar, iyaye da yara kowa ya buɗe kunne. Kuɗin nan ba ya fitowa. Akwai wani abu da ake kira PLEX, wanda mutum yake saya da kuɗin gaske wurin kamfanin, ya sayar wa wani ɗan wasa a karɓi ISK, shi kuma wancan ya biya kuɗin watansa da shi. Watau dala tana shiga ta zama ISK, amma babu halastacciyar ƙofar da ISK zai fita ya zama dala ko naira. Wanda aka kama yana sayar da ISK a bayan fage, rufe masa asusu ake yi. Shi wancan shugaban bankin ma ba a kore shi don ya ci amana ba, sai don ya sayar da kuɗin a waje.

Abin da ke ruɗa yara shi ne labaran da suke karantawa. A watan Janairun 2014 an yi wani yaƙi a wurin da ake kira B-R5RB, aka shafe awa 21 ana gwabzawa, aka fasa manyan jiragen da ake kira Titan guda 75, jaridu suka ce an yi asarar kimanin dala 300,000. Ƙiyasi ne kawai aka yi da farashin PLEX, ba wai akwai wanda zai iya zuwa banki ya karɓo kuɗin ba. Kuma ku ji mafarin yaƙin: kuɗin riƙon wurin ne ba a biya a kan lokaci ba, abokan gaba suka samu ƙofa. Masu haya a cikinmu sai a kula.

Wasu yaran sun ce burinsu su tara ISK su riƙa sayen PLEX, su huta da biyan dala. Muka yi lissafi tare. A ce, misali, wata guda yana cin ISK biliyan 2, kai kuma da ɗan jirginka na haƙa kana samun miliyan 5 a awa. Awa 400 ke nan, alhali watan gaba ɗaya awa 720 ne. Ina barci, ina makaranta, ina rumfa? Ga kuɗin data, ga man janareta in an ɗauke wuta. Wanda ya yi haka ya zama lebura a wurin da ya je hutawa. Har ila yau mun gano cewa darussan da matuƙi yake koya a wasan da agogo suke tafiya, ko kwamfuta tana kashe suna ci gaba. Saboda haka yaron da ya ce dole ya kwana a zaune don ya ƙware, ku ce masa Alhaji ya riga ya tona asirin.

Shawararmu ga matasa ita ce, wanda zai yi, ya shiga ta kyauta, ya gama aikin koyo, ya fara da jirgi mai araha, ya riƙa ajiye rabin abin da ya samu. Ya nemi ƙungiyar kirki a ciki, domin akwai irin su EVE University da aka kafa tun 2004 don koyar da baƙi. Ya yanka wa kansa lokaci, bayan ya sauke abin da ke wuyansa na gida da makaranta. Kada ya taɓa kuɗin rumfa ko katin bankin mahaifinsa. Sa'an nan ya sayi littafi ya riƙa rubuta abin da ya saya, abin da ya sayar, da abin da aka cire masa.

Mu kuma iyaye, kada mu tsaya ga faɗa kawai. Mu zauna kusa da yaro mu ce ya nuna mana kasuwarsa, mu tambaye shi nawa ya saya, nawa ya rage masa bayan la'ada. In ya iya amsawa, to ga alama akwai ɗan kasuwa a gidan, sai a jawo shi rumfa a gwada shi da jarin gaske, ko kaɗan ne. Ɗan'uwanmu mai goro haka ya yi. Yanzu yaron ne yake riƙe masa littafin bashi ranar Asabar da Lahadi, kuma a makon farko ya gano wani bashin huhu biyu da uban ya manta da shi tun bara.

Nan za mu tsaya. Inda muka yi kuskure a sunayen nan na Turawa, yaran suna nan, sai su gyara mana. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.