Ƴan Rohingya da ƙarar da Gambiya ta kai kotun duniya



An ce in yi magana kan yadda duniya ke kare haƙƙin ƙananan ƙabilu. Ni kuwa na zaɓi in ɗauki al'umma guda mu bi labarinta, don in na tsaya jero sunayen yarjejeniyoyi barci zai kwashe rabinku. Al'ummar ita ce Rohingya, Musulmi mazauna jihar Rakhine a ƙasar Myanmar, wadda a da ake kira Bama.

Yawancinmu a 2017 muka fara jin sunansu. A watan Agusta na shekarar, bayan wasu ƴan bindiga sun kai hari ofisoshin ƴan sanda, sojoji suka far wa ƙauyuka da kisa da ƙone-ƙone da fyaɗe. Mutum sama da dubu 700 suka tsallaka Bangladesh, suka zube a yankin Cox's Bazar. Amma fa abin ya daɗe da somawa, kuma da alƙalami ya soma. A 1982 aka yi dokar zama ɗan ƙasa, kuma jerin ƙabilu 135 da gwamnati ta yarda da su babu Rohingya a ciki. Mutum an haifi kakansa a wurin, rana ɗaya ya zama baƙo. Ba ya fita gari sai da izini, aure ma sai da izini. A 2015 aka soke ɗan katin wucin gadi da ke hannunsu, aka hana su zaɓe. Shekara 35 ke nan tsakanin dokar da kisan, duniya tana kallo.

To, wa ya tashi? Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya bai iya taɓuka abin kirki ba, don China, mai ɗasawa da sojojin Myanmar, tana da kujerar naƙi. Masu binciken Majalisar sun fito da rahoto a 2018 suka ce a tuhumi manyan hafsoshi da kisan ƙare dangi. Rahoto dai ba ya kama kowa.

Sai ga Gambiya, ƴar ƙasar nan tamu ta Afirka ta Yamma. Ministanta na shari'a a lokacin, Abubacarr Tambadou, ya taɓa aiki a kotun da ta yi shari'ar kisan ƙare dangi na Ruwanda. Ya je sansanin ƴan gudun hijirar, ya ji da kunnensa, ya gane irin abin da ya sani ne. A Nuwamba 2019 Gambiya, da goyon bayan Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Hague. Hujjarta yarjejeniyar 1948 ta hana kisan ƙare dangi, wadda ƙasashen biyu duk suna ciki. Aung San Suu Kyi, mai lambar Nobel ta zaman lafiya, ita ta je da kanta ta kare sojojin. Bayan wata 14 sojojin nan suka kifar da ita suka kulle ta, amma wannan wani zance ne.

A Janairu 2020 alƙalai, bakinsu ɗaya, suka umarci Myanmar ta kare Rohingyan da suka rage, kuma kada ta ɓatar da shaida. Myanmar ta ce ina ruwan Gambiya, ai ba ɗanta aka taɓa ba. A Yuli 2022 kotu ta yi watsi da wannan, ta ce duk ƙasar da ke cikin yarjejeniyar tana da ikon kai ƙara. A ganina nan ne ribar take: an buɗe ƙofar da ƙaramar ƙasa ma za ta iya shiga.

Sai dai kada in yaudare ku. Kotun ba ta da jandarma ko ɗaya. Mutanen suna can cikin bukkokin leda da gora. A 2023 kuɗin abincin da ake ba kowane mutum a wata ya sauko daga dala 12 zuwa 8, don masu ba da tallafi sun ja hannu.

Wani zai ce, to malam, mu ina ruwanmu? Ku tuna Oktoba 2006, lokacin da aka ba da sanarwar za a mayar da Larabawan Mahamid na jihar Diffa zuwa Cadi. Alhamdu lillahi, cikin ƴan kwanaki aka janye. Amma kalmar da ta yi ta yawo a bakin mutane ita ce "baƙi". Kuma har yau akwai yara a rugage da zangon makiyaya da ba su da takardar haihuwa. Yaron da ba shi da ita, ranar jarrabawar lakkol za a tsayar da shi, ranar neman katin ɗan ƙasa a ce ya kawo shaida. Na san da yawanmu zafin Rohingya ya kama mu ne don Musulmi ne. Ina so in ji ko zai kama mu haka in abin ya faɗa kan makiyayin da shanunsa suka taɓa shiga gonarmu.

Nan zan dakata. A taimake ni da ruwa, sai mu shiga tambayoyi, kuma ina roƙon a fara da ɓangaren mata.