Teburin Baba Da Ba A Cin Abinci A Kai

Yau ba ni da baƙo, ni kaɗai ne da ku, kuma labarin gidanmu zan ba ku. Wanda yake da niyyar canja kayan falo ko na wajen cin abinci, ya gyara zama, domin kuɗin da na yi asara ya ishe mu mu duka, ba sai kowa ya yi tasa ba.

Gidanmu yana Panshekara, a ƙaramar hukumar Kumbotso. A cikin falon Baba akwai wani lungu da muke ce wa "dainin". Teburi ne dogo mai kujeru shida, da wata kabad mai gilashi cike da tangaran ɗin Umma da ba a taɓa zuba miya a ciki ba. Tun ina yaro nake ganin teburin nan, amma wallahi zan iya ƙirga sau nawa na ga an ci abinci a kansa. Mu a ƙasa muke ci. A shimfiɗa tabarma ko leda, a ajiye tire, kowa ya sa hannu. Aikin teburin shi ne ɗaukar fulas ɗin shayi, da rediyon Baba, da takardun kuɗin wuta, sai kuma cajin waya idan an kawo NEPA. Na san da yawanku kuna murmushi, don gidajenku ma haka ne.

To, sai ga maganar auren ƙanwata ta taso. Dangin mijin za su zo sa rana, kuma an ce mana mutane ne 'yan boko, masu cin abinci da cokali mai yatsu. Ni ne babba namiji, ina aiki a wani kamfani a Challawa, sai na ji abin ya tsaya mini a rai. Na dubi kujerun nan, biyu suna rawa, ledar da aka lulluɓe su da ita ta yage soso ya leƙo, fentin teburin ya dushe. Na tara ƙannena da Yayarmu ta Sheka muka yi karo-karo, na haɗa da kwasar adashena. Shawarar da muka yanke ita ce a fitar da tsohon gaba ɗaya a kawo sabo. Babu wanda ya tambayi Baba. Wai za mu ba shi mamaki.

Na fara da shagunan kayan ɗaki na cikin gari, masu kayan Turkiyya da na Chaina. Kai jama'a! Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, duk abin da ake shigowa da shi ya tashi sama. Dalar da gwamnati take sayarwa ƙasa da naira 500 ta zo ta haura 1,000. Kuɗin da ke aljihuna ko kujeru uku ba zai saya ba. Kuma wani abu da na lura da shi: da yawa daga cikin teburan nan masu ƙyalli ba katako ba ne. Allon MDF ne, wato garin katako aka kwaɓa da gam aka matse, aka manna masa fata mai sheƙi a sama. Yana da kyau a ido, ba ya lanƙwashewa, amma ranar da ruwa ya samu hanya ta gefensa, zai kumbura kamar burodi. Gidan da ake wanke tayil da bokiti kullum, ku yi lissafi da kanku.

Sai wani abokin aikina ya ce, me zai kai ka? Ga 'Yan Katako nan a Na'ibawa, a titin Zariya, cikin Kumbotsonku. Ka samu kafinta ka nuna masa hoto a waya, zai buga maka irinsa sak. Haka na yi. Na samu wani kafinta, ba zan faɗi sunansa ko unguwarsa ba, na nuna masa hoton da na ɗauko a Instagram. Ya kalla sau ɗaya ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙaramin aiki ne, sati biyu." Ni da ban taɓa zuwa ko Umara ba, da na ji Alhaji sai kaina ya fasu. Na ba shi kafin alƙalami fiye da rabin kuɗin, babu takarda, babu shaida, ban tambaye shi da wane katako zai yi ba. Wannan shi ne kuskure na farko.

Sati biyu ya koma shida. Yau babu wuta, gobe yaronsa ya tafi gida, jibi mai feshi bai zo ba. Daga ƙarshe dai aka kawo kaya a a-kori-kura, a ƙarshen damina. Gaskiya ranar ya yi kyau, yana ta walƙiya, ƙamshin fenti ya cika gidan. Amma da aka shigo da shi sai ga kuskure na biyu: ban auna wurin ba. Teburin mai mutum takwas ne, lungun kuwa na mai shida ne. Idan ka ja kujera baya sai ta daki bango. Daga baya na koyi awon da kowane kafinta na kirki ya sani. Tsayin teburin cin abinci daga ƙasa wajen inci 30 ne, mazaunin kujera wajen inci 18, kowane mutum yana buƙatar faɗin ƙafa 2 a bakin teburi, sannan a bar kamar ƙafa 3 tsakanin teburi da bango don a iya jan kujera a wuce. Tef ɗin awo nawa yake? Ban ɗauka ba, hoto na ɗauka.

Tsohon teburin kuma muka fitar da shi tsakar gida, da niyyar a kira dillali ya ɗauka a kan ko nawa ne.

Baba ya dawo daga masallaci bayan la'asar. Ya tsaya a bakin falo ya kalli sabon, ya ce, "Allah ya yi albarka." Shi ke nan. Sai ya juya ya fita tsakar gida, ya tsaya a kan tsohon ya ɗora hannu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Da dare Umma ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai, ka san da wane kuɗi aka yi teburin can?" Na ce a'a. Ta ce lokacin da aka ƙara wa Baba girma a masaƙar da yake aiki a Bompai, kafin a haife ni, da kuɗin ƙarin ya je ya zaɓi katako da kansa aka buga masa. Ta ce a kansa ya zauna ya lissafa kuɗin sallamarsa ranar da masaƙar ta rufe, ya raba: wannan na makarantar yara, wannan na abinci, wannan na jari.

Ku matasa da kuka taso kuka ga Bompai da Sharada da gine-gine a kulle, ku tambayi iyayenku yadda wurin yake a da. Masaƙu, kamfanonin kwanukan enamel, na alewa, na mai, na roba, ma'aikata suna fita rukuni-rukuni a kan kekuna idan an tashi. Ko kamfanin katifar Mouka da kuka sani, a Kano aka fara shi a 1959 da sunan Moukarim Metalwood, yana ƙera gadajen ƙarfe da kayan ɗaki. Ma'aikacin kamfani a lokacin, idan ya sayi teburin cin abinci, ba don zai daina cin tuwo a ƙasa ba ne. Alama ce cewa ya zama mutum, yana da albashi, yana da wurin da zai zaunar da baƙon kunya. Daga tsarin SAP na 1986 abubuwa suka fara juyawa, ga matsalar wuta, ga kayan waje masu araha, masana'antu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. A gidanmu abin da ya rage na wancan zamanin shi ne teburin nan da na jefar a tsakar gida kusa da murhu.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da safe na hana dillali zuwa, muka ja teburin ƙarƙashin rumfa muka rufe da buhu.

An sa rana lafiya. Kuma ku ji abin dariya: baƙin da muka yi wa duk wannan wahala, da aka kawo abinci, babbansu ya ce, "A shimfiɗa mana a ƙasa mana, ai ya fi daɗi." A kan kafet suka ci. Sabon teburin fulas da lemo ya ɗauka, aikin da tsohon yake yi shekara da shekaru.

Sai hunturu ya shigo. Wata rana da daddare muka ji "ƙas!" daga falo kamar an karya kara. Da safe na duba, saman sabon teburin ya tsage tun daga gefe har kusan tsakiya, wajen haɗin allunan ya buɗe har kana iya zura tsinke. Kafin Janairu ta ƙare kujeru uku sun fara rawa. Na koma wajen kafintan, ya ce ikon Allah ne, iska ce. Eh, iska ce, amma ba ita kaɗai ba.

Wanda ya fahimtar da ni wani dattijon kafinta ne, abokin Baba, da na ɗauko ya duba. Ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ƙasan teburin inda fenti bai kai ba, ya ce, "Ɗana, ɗanyen katako aka yi maka aiki da shi." Ya ce yawancin katakon da ake sayarwa a Kano daga dazukan kudu ake kawo shi, wajen Edo da Ondo da Kuros Riba, inda iska take da laima. Itace yana shan ruwa yana fitarwa gwargwadon iskar da yake ciki. Idan an yanko shi bai bushe ba aka buga teburi da damina, da hunturu ya zo iskarmu ta bushe ƙarau, sai ya tsuke ta faɗinsa. Ƙusa da gam sun riƙe shi ba zai iya motsi ba, dole ya tsage. Maganin shi ne a sayi katakon da ya kwana biyu, ko a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska tana ratsawa na wasu watanni. Ya ce shi ya fi son ya yi aikin teburi da rani, abin da ya tsira a lokacin ya tsira. Nawa kuma da malaina aka yi, itace mai sauƙi mai araha, aka shafe shi da launi ya yi ja kamar mahogani.

Da ya yaye buhun ya ga na Baba, sai ya yi dariya. Ya kankare gefe kaɗan da wuƙa, jan katako ya fito. Ya ce, "Wannan madaci ne, kuma haɗin turmi da taɓarya aka yi masa, babu ƙusa a ƙafafun." Wato an fafe rami a jikin ƙafa, an fiƙe bakin ɗayan katakon an zura. Shekara kusan arba'in, gara ba ta taɓa shi ba, bai tsage ba. Ya ce irin wannan itacen mai kauri yanzu sai an tona. Ya ba ni misali da madobiya, wadda aka riƙa sarewa a Taraba da maƙwabtanta ana lodawa zuwa Chaina, har a 2018 hukumar duniya mai kula da cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, CITES, ta sa aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Ni da na kusa sayar da madaci a kuɗin katin waya.

Wannan karon na tambayi Baba kafin na taɓa komai. Na durƙusa na ce, "Baba, a yi haƙuri, mun yi rawar kai. Muna so a gyara naka a mayar." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kada a canja masa launi." Sharaɗinsa ke nan.

Aka goge teburin da samfefa har tsohon fentin ya fita, aka shafa masa mai sheƙi marar launi. Kujeru huɗu aka sake ɗaure su da gam, biyun da suka mutu dattijon ya buga sababbi a kan fasalin tsofaffin, da busasshen katakon da ya daɗe a shagonsa. Aka sa sabon soso mai tauri. Wajen rufi na so a sa fata ta gaske, tunda ga majemun Challawa a bayan gidanmu, kuma Kano da jima tun kaka da kakanni. Da na ji kuɗin na dawo kan yadi mai kauri. Umma ma ta ce leda da zafin watan Afrilu manne wa mutum take yi, kuma ba ta jimawa take ɓarewa. Kabad ɗin tangaran ba mu taɓa ta ba, ƙwan fitila kawai aka canja da labule. Duka gyaran bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na kashe a kan sabon ba. Kuma wannan karon mun rubuta a takarda: irin katako, awo, ranar kawowa, da cewa cikon kuɗi sai an kawo kaya na duba.

Sabon da ya tsage, ƙanina ya yanke shi gida biyu, rabi yana shagonsa na cajin waya a bakin titi, rabi Umma tana yanka alayyahu a kai. Har yau Yaya tana tambayata kuɗinta na karo-karo, rabi wasa rabi gaske, kuma ina biya kaɗan-kaɗan.

Baba kuwa har gobe a ƙasa yake cin tuwonsa. Amma shekaranjiya da na shiga gaishe shi da safe, na same shi a kan ɗaya daga cikin sababbin kujerun, rediyo a gabansa, yana shan shayi. Ya buga mazaunin da tafin hannu ya ce, "Wannan soson ya yi tauri da yawa." Na ce za a duba, Baba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.