Jawabi ga dattawan rugage a kan maganin kitsen jini

Iyayenmu dattawa, shugabannin rugage, ƴan'uwa makiyaya.

Mun ji masu tallar magani ranar kasuwa suna cewa ƙwayar rage kitsen jini, wadda likitoci ke kira statin, tana hana tsoho ruɗewa da mantuwa. Har wasunmu na kai akuya kasuwa domin su sayo wa tsohonsu. To, ku saurara.

A shekarar 2002 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashen Turai uku, a kan tsofaffi 5,804 masu shekara 70 zuwa 82. Ƙwayar ta rage ciwon zuciya. Amma wajen mantuwa da kasa yi wa kai hidima, wanda ya sha da wanda bai sha ba duk ɗaya suke.

Ba mu ce a raina ta ba. Ga wanda ciwon zuciya ya taɓa kayarwa, tana da amfani ƙwarai. Sai dai likita ke rubuta ta bayan an auna jini, kuma kullum ake sha, ba kamar allurar shanu ba da ake yi shekara-shekara. Wanda aka ɗora a kanta ya tanadi abin da zai ishe shi kafin mu kora dabbobi arewa da damina. In tsoka ta riƙa yi masa ciwo, a mai da shi asibiti.

Allah ya ba tsofaffinmu lafiya.