IMAM KHALIL ƊAN AHMAD DA HIDIMAR HARSHEN ALƘUR'ANI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da LittafinSa da harshen Larabci mabayyani. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, kiran da muke yi dare da rana shi ne a koma ga Alƙur'ani da Sunna bisa fahimtar magabata na ƙwarai. To amma Alƙur'ani da Larabci ya sauka, Hadisi ma da Larabci aka ruwaito shi. Wanda bai mallaki wannan harshe ba, ko yana tsaye a bakin rijiya, sai ya jira mai guga. Wannan ne ya sa muka zaɓi mu yi magana a kan wani bawan Allah da ya ƙarar da rayuwarsa wajen tsare harshen wahayi, wato Imam Khalil ɗan Ahmad Alfarahidi, Allah Ya ji ƙansa.

ASALINSA DA ZAMANINSA

An haifi Khalil a ƙasar Oman a shekara ta 100 bayan Hijira, daidai da 718 Miladiyya, kuma shi ɗan ƙabilar Azdu ne. Ya tashi a Basra ta ƙasar Iraƙi, birnin da aka kafa a zamanin halifancin Sayyidina Umar (R.A.). A lokacin Musulunci ya yaɗu, Farisawa da sauran al'ummomi sun shigo addini, harsuna sun cuɗanya, har kuskuren furuci da na wasali, wanda malamai ke kira lahani, ya fara shiga karatun Alƙur'ani.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin abu ne. An ruwaito cewa Abul Aswad Addu'ali, wanda ya rasu a shekara ta 69 bayan Hijira, ya ji wani mutum yana karanta aya ta 3 a Suratut Tauba, sai ya yi wa kalmar Manzo wasali ƙasa a inda ya kamata ya yi rufu'a. Da wannan kuskure guda, ayar da ke cewa Allah da ManzonSa sun barranta daga mushirikai sai ta koma tana nufin Allah Ya barranta daga ManzonSa, wa'iyazu billahi. Abul Aswad ya sa ɗige-ɗige masu launi don nuna wasulla, kuma daga nan aikin ya fara.

Khalil ya yi karatu a wajen Abu Amru ɗan Ala'i, ɗaya daga cikin makaranta bakwai, da Isa ɗan Umar Assaƙafi. Ya ɗauki Hadisi a wajen Ayyub Assakhtiyani, wanda yake cikin manyan malaman Sunna na Basra. Ya kuma shiga ƙauyukan Hijaz da Najdu da Tihama yana sauraren Larabawan da harshensu bai gauraya ba.

AYYUKANSA

Aiki na farko shi ne alamomin karatu. Bayan an ƙara wasu ɗige-ɗige don bambanta haruffa masu kama da juna, kamar ba da ta da sa, sai ɗigo ya yi yawa a shafi, mai karatu yana rikicewa. Khalil ya ɗauko ƙaramin alif ya kwantar da shi bisa harafi ya zama fataha, ya ɗauko ƙaramin wawu ya zama rufu'a, ya ciro alamar kisira daga harafin ya. Ya ɗauki kan harafin shin ya mai da shi alamar shadda, ya ɗauki kan harafin ain ya mai da shi hamza. Duk yaron da ya gama babbaƙu ya shiga farfaru a makarantar allo, da duk wanda ya buɗe mus'hafi yau, yana cin moriyar wannan aiki ko da bai taɓa jin sunan mai shi ba.

Aiki na biyu shi ne Kitabul Aini, ƙamus na farko a harshen Larabci. Khalil ya so ya tattara kalmomin harshen ta yadda babu wadda za ta kuɓuce masa. Sai ya jera haruffa bisa mafitarsu, daga can cikin maƙogwaro har zuwa leɓɓa. Yakan buɗe baki da alif sannan ya tsaya a kan harafin don ya ji daga ina yake fitowa. Ya fara da harafin ain, shi ya sa littafin ya sami wannan suna. Sannan ya riƙa ɗaukar tushen kalma yana jujjuya haruffansa: mai haruffa 2 yana ba da siga 2, mai 3 yana ba da 6, mai 4 yana ba da 24, mai 5 kuwa 120. A kowace siga sai ya bayyana ko Larabawa suna amfani da ita ko sun bar ta. Misali, daga ain da lam da mim ake samun alima, wato ya sani, da amila, ya aikata, da lama'a, ya haskaka. Malamai da yawa suna ganin almajirinsa Laisu ɗan Muzaffar ne ya kammala littafin, amma tsarin na Khalil ne. An buga shi a Bagadaza cikin mujalladi 8 tsakanin 1980 da 1985. Haka kuma malaman tajwidi suna jingina masa ra'ayin cewa mafitar haruffa 17 ce, ra'ayin da Ibnul Jazari ya zaɓa.

Aiki na uku shi ne ilmin aruli, wato ma'aunin waƙa. Ya bi waƙoƙin Larabawa ya gano ƙa'idar da suke tafiya a kai, ya fitar da karuruwa 15 a cikin da'ira 5, daga baya Akhfash ya ƙara na 16. Amfanin wannan ga addini a fili yake, domin da waƙoƙin Larabawan farko malaman tafsiri suke kafa hujja a kan ma'anar baƙin kalmomi, kuma da awon baiti ake gane inda aka yi masa ƙari ko ragi. Wannan ilmi ya iso ƙasarmu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wallafa a kan aruli da ƙafiya, ya rubuta Albahrul Muhit a nahawu da Alhisnur Rasin a sarfu, kuma da karuruwan Khalil malaman jihadi suka auna waƙoƙinsu na wa'azi.

ALMAJIRINSA SIBAWAIHI

Mafi shahara cikin almajiransa shi ne Sibawaihi, kuma labarinsa darasi ne gare mu. Bafarishe ne, Larabci ba harshen iyayensa ba ne. Ya fara da neman Hadisi a wajen Hammad ɗan Salama, wata rana ya yi lahani a gaban malamin, aka gyara masa a bainar jama'a. Maimakon ya yi fushi, sai ya tafi ya durƙusa gaban Khalil har ya ƙware. Littafinsa Alkitab shi ne tushen nahawu har yau, kuma ya ambaci Khalil a cikinsa fiye da sau 500. Idan Bafarishe ya zama limamin nahawu, to Bahaushe ba shi da uzurin cewa shi ba Balarabe ba ne.

GUDUN DUNIYARSA

Almajirinsa Nadru ɗan Shumail ya ba da labarin cewa Khalil ya zauna a wata bukkar kara a Basra cikin talauci, alhali almajiransa suna tara dukiya da ilmin da suka ɗauka a wajensa. An ruwaito cewa wani gwamna ya aiko masa ya zo ya karantar da 'ya'yansa, sai ya fito wa ɗan aiken da busasshiyar gurasa, ya nuna masa cewa muddin yana da wannan ba ya bukatar ƙofar gwamna. An kuma ce yakan yi aikin Hajji shekara guda, ya fita jihadi shekara guda. Ya rasu a Basra a shekara ta 170, wasu kuma suka ce 175. Masu tarihi sun ce ya shiga masallaci yana tunanin wata hanyar lissafi mai sauƙi da za ta hana ɗan kasuwa cutar mai saye, sai ya yi karo da ginshiƙi, wannan ya zama sanadin ajalinsa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ya 'yan'uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. A cikinmu akwai matasa masu kishin Sunna waɗanda suka karanta fassarar littafi ɗaya ko biyu, sai su hau mumbari suna ba da fatawa, suna kuskurantar da malamai, alhali ba su iya bambanta fa'ili da maf'uli ba. Fassara tana da amfani ga mai koyo, amma fahimtar mai fassara ce, kuma wanda ya tsaya a kanta ya koma ga taƙlidin da yake hana mutane. Bidi'o'i da yawa daga rashin fahimtar nassi suka samo asali, saboda haka ba a kawar da su da irin jahilcin da ya haife su.

Muna kira ga shugabannin makarantunmu na Islamiyya da su ba nahawu da sarfu lokaci isasshe a jadawalin karatu, su nemo malaman da suka ƙware, su kuma kyautata musu. Muna kira ga masu wa'azinmu da kada girman kai ya hana su komawa gaban malami su fara daga Ajurumiyya, su wuce zuwa Alfiyyar Ibnu Malik. Muna kira ga iyaye da su yi haƙuri da yaron da ya daɗe a kan waɗannan fannoni, domin gini ba ya tsayawa sai da tushe. Masu hali kuma su ɗauki nauyin ɗalibai, don kada yunwa ta kai malamanmu na gobe ƙofar da Khalil ya ƙi zuwa.

Allah Ya ji ƙan Imam Khalil, Ya saka masa da mafificin alheri, Ya ba mu ilmi mai amfani da aiki da shi, Ya tabbatar da mu a kan Sunnar ManzonSa (S.A.W.). Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.