Kalmar "Bustle" da Hada-hadar Kasuwar Kurmi



A Ingilishi kalmar "bustle" tana zuwa a matsayin aikatau, watau mutum ya riƙa kai da kawowa cikin hanzari saboda aikin da ke gabansa. Tana kuma zuwa a matsayin suna, ga wurin da jama'a suka cika, kowa na harkarsa. Akwai wata ma'ana ta uku, wani ɗan matashi da matan Ingila kan ɗaura a ƙugu ta baya, ƙarƙashin riga, wajen shekarun 1870 zuwa 1880. Wannan ba ruwan Bahaushe da ita.

Ma'ana ta biyu ce ke ba mai fassara wahala. Sau da yawa in Bature ya siffanta Kasuwar Kurmi da wannan kalma, sai a mayar da ita "hayaniya". Nan kuwa an zalunci kasuwar. Hayaniya abin kunne ce, kuma tana ɗauke da zargi, shi ya sa ake tsawata wa yara su daina ta. Cinkoso ma bai dace ba, don shi cikowa ce da ta hana motsi. Zirga-zirga ta kusa, amma ai marar aikin yi ma yana yin ta.

Kalmar da ta fi cancanta ita ce "hada-hada" (da "d" marar lanƙwasa, ba haɗa-haɗa ba, kamar yadda wasu ke rubutawa). Ita ce ta tara motsi da manufa wuri guda: dillali na tayi, ɗan dako na neman hanya, mai turare na awo, kuɗi na sauya hannu.

Tarihi ma ya goyi bayan haka. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar. Da Kyaftin Clapperton ya zo Kano a 1824, abin da ya ba shi mamaki shi ne tsarinta. Ya ba da labarin cewa akan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin turkuɗi, ta yadda ko a Barno aka kwance aka ga aibi, sai a komo da kayan, dillali ya nemo mai su a biya. Kasuwar da ke da irin wannan ƙa'ida, in mai fassara ya kira abin da ke gudana cikinta hayaniya, to, ya gaya wa mai karatu kishiyar abin da baƙon ya gani.