Littafi Ɗaya, Matakai Huɗu

Yau za mu yi bayani a kan fihirisa, wato ilimin siffanta littattafai da jera su yadda mai nema zai same su. Wannan fanni ba baƙo ba ne ga Musulmi, domin tun shekarar 377 ta Hijira Ibnun Nadim ya tsara littafinsa Alfihrisit a Bagadaza.

In ɗalibi ya shiga laburaren Murtala Muhammad ko na Jami'ar Bayero ya ce yana neman Ishiriniya, to, lalle ne a tambaye shi wacce yake nufi, saboda akwai ainihin madahun da Alfazazi ya wallafa, akwai kuma wanda aka saba rerawa lokacin Mauludi, wanda ya haɗa da tahamisin Ibnu Mahibu. Sa'an nan ga bugun Misira, ga na rubutun hannu da ake bugawa a sayar a Kasuwar Kurmi, ga kuma kwafin nan guda da ke cikin gafakar wani malami, wanda ya cika gefensa da ta'aliƙi da ajami.

Wannan rarrabewa ita ce ƙungiyar laburarorin duniya, IFLA, ta tsara a 1998, ta sake daidaita ta a 2017, inda ta kasa al'amarin mataki huɗu: talifin kansa, da sigar da aka bayyana shi, da bugun da ya fito, da kwafin da ke hannu.

A ganina, mataki na huɗun nan shi ne ya fi shafarmu, domin littafin ɗab'i in ya ɓata a sayo wani, amma na hannu, wanda magabata suka kwafa da tawada da alƙalami, suka sa sunansu da na malaminsu a ƙarshensa, in gara ta ci shi, ko aka raba warƙoƙinsa wajen rabon gado, to, ya tafi ke nan har abada.

Saboda haka, duk mai littattafan gado a ɗaka, don Allah ya sami ɗan littafin rubutu, ya sa sunan kowane talifi, da mawallafinsa, da wanda ya kwafe shi, da adadin warƙoƙinsa. Allah Ya ba mu iko.