Mai gudun yunwa da dokar duniya



Tambaya guda aka ce in yi bayani a kanta: wanda yunwa ta kora daga gida, in ya shiga wata ƙasa, doka tana ɗaukarsa ɗan gudun hijira? Amsa ita ce a'a, kuma gara mu san haka tun muna gida.

Yarjejeniyar Janeba ta 1951 ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ya bar ƙasarsa don tsoron a zalunce shi saboda ƙabilarsa, addininsa, asalin ƙasarsa, rukunin jama'ar da yake ciki, ko ra'ayinsa na siyasa. Aya ta 33 ta hana a maida irin wannan mutum inda ya gudo. A 1969 ƙasashen Afirka suka taru a Addis Ababa, suka ƙara da wanda yaƙi, mamaya ko babban tashin hankali ya kora. Shi ya sa aka karɓi mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina da suka shigo jihar Maradi a 2019. Amma fari, fara da rumbu wayam ba sa cikin takardun nan biyu. Talauci yana shiga ne in da gangan aka jawo shi, misali hukuma ta hana wasu mutane gona ko abinci saboda ƙabilarsu.

Ke nan mai neman abinci baƙo ne, ana iya korarsa. Dattawa sun tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takardu sati biyu su fita. Nijeriya ma ta yi haka a 1983. Masu bin hanyar ɓoye kuwa, a 2013 an tsinci gawa 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yara, da yawansu mutanen Kance.

Duk da haka, rashin takarda bai halatta a doki mutum ko a ci kuɗin guminsa ba.

Roƙona gare ku: kowa ya yi takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa kafin ya tashi, ya bi ta ƙofar iyaka, ya faɗa wa ƙungiya garin da za shi. A bar yara su gama lakwal.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.